Ruwan Wankan Gidan Kuramochi

A garin da ke gefen filin tseren motoci a arewacin Miyagi ta ƙasar Japan, babu mai motar tsere da bai san garejin Kuramochi Shigeharu ba. Tun yana saurayi yake gyaran injuna, amma abin da ya yi suna a kai shi ne daidaita iskar naitiros, wadda ake fesa wa inji daga tukunyar ƙarfe domin ƙara masa ƙarfi. Aikin yana buƙatar natsuwa, domin dole iskar da fetur su shiga daidai wa daida. Idan tukunyar ta yi sanyi, iskar ba ta fita da ƙarfi. Idan kuma ta yi zafi, sai ta rinjayi fetur, fistin ya narke.

Shigeharu yana da dabararsa ta lokacin sanyi. Kamar kowane gida a ƙasar, iyalinsa sukan bar ruwan baho ya kwana domin wanki, kuma ya daɗe da lura cewa da safe ɗumin ruwan shi ne daidai abin da tukunyar take so. Sai ya tsoma ta a ciki, ya sha shayinsa, ya naɗe ta da bargo. Matarsa Fumie takan ce, "Baban yara, ni ban taɓa ganin ka yi wa 'ya'yanka wanka da irin wannan kulawa ba."

Wata Lahadi a ƙarshen hunturu, abokinsa Onodera Tatsuo zai yi tserensa na ƙarshe, saboda idanunsa sun fara rauni, kuma ya yi wa 'ya'yansa alkawarin ajiye tuƙi. Injin motar su biyu suka haɗa shi, kuma kayansa ba a ƙara ƙera irinsu. Idan ya ƙone, shi ke nan.

A filin, Shigeharu ya warware bargon, tafin hannunsa ya ji zafin da bai saba ji ba. Ya dubi gejin da ke auna ƙarfin iskar, allura ta haura. Nan ya tuna cewa a makon nan aka sa musu sabon baho mai ɗumama ruwa da kansa. Da safen hankalinsa yana kan fulogogin injin, bai ko taɓa ruwan ba kafin ya tsoma tukunyar.

"Tatsu, kashe motar."

"Kai Shige, ga shi ana kiran lambarmu! Tsufa ne ya fara taɓa ka?"

"Tsufa ya taɓa mu duka. Tukunyar ta yi wanka da ruwan zafi kamar tsohuwa mai ciwon baya."

"To rage mata iskar kaɗan mana, mu tafi."

"In ka taka ta haka, a cikin bokiti za mu kwaso fistinka."

Tatsuo ya yi tsaki, amma ya zare makulli. Shigeharu ya ɗebo ƙanƙara daga gindin shinge, ya jiƙa tawul ya lulluɓe tukunyar. Suka zauna suna cin dunƙulen shinkafar da Fumie ta ƙunsa musu, suna kallon allura tana sauka a hankali, har aka kammala gasar babu su.

Da la'asar, kafin a rufe fili, masu kula da shi suka bar Tatsuo ya yi gudu shi kaɗai. Motar ta miƙe, sautinta bai karye ba har ƙarshen layi. Shigeharu ya kwance fulogi, ya ɗaga shi wajen haske, ya gan shi fes, babu alamar ƙuna.

"Babu kofin gasa," in ji Tatsuo, yana share tabaransa.

"Babu. Amma a kan ƙafafunta za ta koma gida."

Tun daga ranar Shigeharu yakan kashe maɓallin bahon bayan wanka. Fumie kuwa har yanzu tana ƙorafi cewa an saya mata sabon baho, amma tukunya ce take mulkinsa.