Tante Verlie da Jiniyar Matata

Shekara talatin da ɗaya Tante Verlie Guidry ta yi tana sayar da shinkafa da jan wake a ƙofar matatar man garinmu, nan gaɓar tekun Louisiana. Babu leburan da bai san ludayinta ba, balle bakinta. Ni Alcide, ɗan ƙawarta, Tante nake ce mata, wato gwaggo; girkinta na ci har na yi ritaya, aka ɗora mini aikin sa kai na faɗakar da layinmu kan haɗarin gas.

Halinta ɗaya ke ƙona mini rai: da jiniyar matata ta yi kuka, sai ta fito tsakiyar titi kallon hayaƙi.

"Tante, gas ne fa! Kashe ki zai yi!"

"Kai, tafi can! Ina shaƙar matatar nan tun kana fitsarin kwance."

Wata shida ina mata naci. In jiniya ta yi, a shige ɗaki, a kashe na'urar sanyi, a liƙe tagogi da salatif, a cusa jiƙaƙƙen tawul a ƙasan ƙofa, kada a buɗe wa kowa. Har gwaji nake mata ina duba agogo, wai ni gwani. Zancen guguwar teku mai kawo ambaliya kuwa ko sau ɗaya ban yi mata ba. Wa zai koya wa haifaffiyar gaɓa gudun ruwa?

Ranar da guguwa ta tunkaro aka ce kowa ya bar gari, motocin kwashe mutane sun jeru a coci da hantsi, sai wutar matata ta ɗauke, jiniya ta ɓarke. Na bi layi gida-gida. Nata na gan shi a rufe ruf, na ce ai jikarta ta zo ta ɗauke ta. Wallahi ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

Ruwa ya cinye gari, sai bayan kwana biyu muka dawo da kwalekwale. A kan teburin kicin muka same ta zaune, ƙafafu cikin ruwa, sun kumbura sun yi baƙi, ga ciwon suga. Likita ya ce ta hagun sai an yanke.

A asibiti na kasa haɗa ido da ita. Ta jawo hannun rigata.

"Alcide, ka duba tagogin? Ko kafar allura ban bari ba. Ina jin motar coci tana ta hon, na ce a'a, yaron nan ya ce kar a buɗe." Ta yi murmushi. "Wannan karon dai na yi daidai ko?"

Shekarata sittin da biyu, ban taɓa tsanar kaina irin na ranar ba.

"Kin yi daidai, Tante," na ce.