Ranar da Inna ta saurari albam ɗin ƙanena

Ƙanena mawaƙi ne, amma ba irin wanda ake gayyata biki ba. A Legas ya faɗa cikin wasu samari masu baƙaƙen kaya da jita mai lantarki, suna wani kiɗa da suke kira metal. Ni dai da na fara ji, injin casar shinkafa na tuna. Bayan sun watse sai ya shiga situdiyo shi kaɗai ya yi albam nasa na kansa, ya turo mini a waya ina Kalgo wajen aiki. Na tsokane shi na ce ya nemi citta da zuma, maƙogwaronsa na neman agaji. Ya yi dariya ya ce ni baƙauyiya ce, wai a irin waƙarsu da gurnani da ihu ake faɗin abin da ke ciki.

Hatsarin mota ya ɗauke shi a daminar da ta biyo. Can Legas aka binne shi, Inna ba ta ga gawa ba.

Bayan an share makoki, duk zuwan da na yi gida Gwandu maganarta ɗaya ce: muryarsa ta fara ɓace mata a kunne, in nemo mata. To ina zan samo? Yaron nan kira yake yi, bai taɓa barin saƙon murya ba. Na bi abokansa, na bi ’yan uwa har Dalijan, babu. Albam ɗin kaɗai ya rage, ni kuwa wallahi tsoronsa nake ji. Na saurare shi daga farko har ƙarshe ina neman inda ya yi magana kamar mutum, ko da kalma biyu ne, ban samu ba. Na yi ta kawo mata uzuri har wata ƙanwar babanmu ta yi suɓul da baka ta ce ai yana da waƙoƙi a wayata.

Ranar Inna tana zaune a tsakar gida bayan la’asar tana tsintar shinkafa a faifai. Na yi mata bayani iyakar iyawata, na ce salo ne, haka ake yin sa, mutane har tafi suke yi. Ta ce in dai kunna.

Ganguna suka barke, jita ta biyo, sai gurnanin. Ta yamutsa fuska ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ni kuwa har na ji sanyi a raina, na kai hannu zan kashe. Daidai nan kiɗan ya ɗan tsaya, ƙanena ya ja numfashi da ’yar shaƙar nan da yake yi tun yana ƙarami in ya sha kuka. Faifan ya zame daga cinyarta.

“Shi na,” ta ce. “Mi anka yi mai?”

Na ce Inna, waƙa ce. Na ce lafiyarsa ƙalau lokacin, shi ya so, har dariya ya yi da ya gama. Ba ta ma dube ni ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta manna a kunne, yana ta ihu a ciki, kaji suna cin shinkafar da ta zube ba mai kora.

Da waƙar ta ƙare ta ɗago ta tambaye ni a hankali, “Duk wanga kira da ya yi, ba wanda ya je?”