Sautin Yagaggiyar Sifika

Kawuna, ƙanen Inna, ya yi kiɗan jita tun kafin a haife ni, amma ni na tashi na tarar da shi masunci, yana ɗinkin koma da saƙar gura a bakin ruwa wajen Ngaski. Jitar tana rataye a ɗakinsa cikin buhu. Abin da ya rage na wancan zamani kaset ne guda, wanda ƙungiyarsu ta ɗauka a wani otal a Yelwa. Kiɗan fanki suke yi, mai sa ƙafa ta motsa ba da izinin mai ita ba. Jitar Kawu ce gishirin kiɗan: gajerun sara, kas-kas-kas, sai wata 'yar zuza a ƙarshen kowane bugu, kamar ƙuda ya faɗa gwangwani.

Kowa a gidanmu ya san dalilin da ya sa ya bari. Shugaban ƙungiyar ne ya fara jefa sunayen attajirai cikin waƙa don a yi musu liƙi, Kawu ya zare wayar jitarsa daga sifika ya fita. Yakan ce bai gaji roƙo ba, jitarsa kuma ba za ta yi wa kowa kirari ba. Taurin kai dai a danginmu gado ne.

Da na girma, ni da wani abokina da muka yi firamare tare muka buɗe ɗan situdiyo a Yelwa. Shi ke da baki da jama'a, ni ke da kunne da kwamfuta. A kwamfutar akwai manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya da akwatin sifika na zamanin da. Ka jona jita, ka zaɓi na'urar da kake so, ka zaɓi akwati, har inda za a ajiye makirfo. Burina ɗaya ne, in dawo da sautin kaset ɗin, ko Kawu zai yarda ya sake bugawa in ɗauka kafin yatsunsa su ƙi.

Na ari kaset ɗin, na shiga aiki. Na rage ƙasan sauti, na ɗaga samansa, na matse shi don saran ya fito daidai, na ƙara ɗan datti. Ya yi kusa, amma zuzar nan ta ƙi zuwa. Na kai wa Kawu a waya ya saurara, ya yi dariya har da tari.

"Wanga ai sautin masu kuɗi na," in ji shi. "Sifikarmu yagagga ta. Ruwa ta sha cikin jirgi ran da munka ƙetare zuwa wani biki, takardar ta tsage, munka liƙe ta da ƙaro da ƙyalle."

Sai na nemo tsohuwar sifika wurin mai gyaran rediyo, na tsaga ta da hannuna, na liƙe da ƙaro da ƙyallen tsohon zanen Inna. Na sa mata makirfo na ɗauki muryarta, na shigar cikin manhajar a matsayin akwati. Da na buga, sai ga zuzar nan ta fito. Na ɗauko Kawu a babur ran kasuwa, na sa masa jita a cinya. Ya yi sara ɗaya, ya tsaya, ya kau da kai yana share ido da hularsa.

Ya ce zai buga bayan an yanke shinkafa, da tasa jitar, amma da sharaɗi. "Wanga sauti ba shi shiga waƙar yabon kowa. Kun jiya?" Ya dube ni, ya dubi abokina da ke tsaye bakin ƙofa. Abokina har da dafa ƙirji ya ce, "Haba Kawu, amana ce." Shi ma Kawu yake ce masa, don a akushi ɗaya muka ci tuwon gidansa muna yara.

Na sayo sababbin wayoyin jita na kai masa, na gan shi ya ɗaura su da kansa. A lokacin na fi ango murna.

Sai guguwar zaɓe ta taso, ni kuma na tafi Shanga jinyar kakata. Ran da na dawo, ina saukowa daga mota a tasha, wata motar kamfen ta wuce da manyan sifikoki a kanta. Mawaƙi yana zuba wa wani ɗan takara kirari, a ƙarƙashin muryarsa kuwa kas-kas-kas, da zuzar, ba ko tantama. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na tarar da abokina a situdiyo yana cin gyaɗa. Bai ko musa ba. Ya ce ya buɗe kwamfutata ya ba wani makaɗi saitin ya buga, aiki ne ya zo ina nesa. "Mutumina, sauti na hwa, ba gona ba. Wa za shi gane?" Wallahi da ya ce kuskure ne, da na sami inda zan ajiye zuciyata. Abin da ya ƙona ni shi ne yana wurin aka yi maganar, shi ya fara kiran amana tun ban buɗe baki ba. Da ɗan gari akan ci gari. Na kwashe kwamfutata na fita, har yau ko gaisuwar Juma'a ba ta haɗa mu.

Na hau babur zuwa Ngaski ina addu'ar in riga waƙar isa. Ina shiga ƙauyen na ji ta tana tashi daga rediyon mai shayi.

Kawu yana zaune ƙarƙashin rumfa yana gyaran gura, kejin da ake nutsarwa a ruwa don kama kifi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Na san ba kai na ba," ya ce. "Amma duk wanda ya san jitata, cewa za shi yi tsoho ya koma roƙo da hurhura. Jiya wani abokina yab biyo yana tambayata nawa anka liƙa min."

Na ce zan goge saitin, zan bi gari in faɗa wa kowa gaskiya, mu dai yi ɗaukar nan ko sau ɗaya. Ya ci gaba da murɗa bakin gurar da wata siririyar waya mai ƙyalli. Sai da na ƙura mata ido na gane wayar jitarsa ce, don ni na sayo ta. Ya ja ta da ƙarfi, ya gwada ɗaurin da yatsa.

"Suna da ƙwari," ya ce. "Miƙo min waccan mai kaurin."