Tsohon da Ya Gwada Wutar Hoto Kafin Akunsa

Ka taɓa ganin mutum yana rawar jiki saboda idon tsuntsu?

Ga wani tsoho a shagon hoton Celestine a Sabon Gari, da zanen Barebari a kumatu, ya rungume kejin aku. Idonsa na hagu fari fat, na dama kaɗai ke gani. Yadda yake shafa kan tsuntsun da yatsa, da alama ba shi da abokin hira a gida sai shi.

Celestine ya zo da sabuwar dabara: ya ɗaura mazurarin gwangwani a bakin fitilar hoto, don hasken ya taru a fuskar akun kaɗai.

"Baba, ajiye shi nan."

"Tsaya, ɗana. In ta makantar da shi fa? Fara da ni."

Ya zauna a benci, ya gwale lafiyayyen idon da yatsu biyu, yana addu'a ƙasa-ƙasa. Wuta ta yi wal!

Sai ga tsoho yana lalube a iska. "Innalillahi! Duhu nake gani, duhu da kore!"

"Zai wuce, Baba."

Ya kuwa wuce. Amma ganinsa na dawowa, ya warware rawaninsa ya lulluɓe kejin.

"Ni an gaya mini zai wuce. Shi wa zai gaya masa?"

Kai ma gwada: ƙura wa fitila ido ba ƙiftawa, sannan ka faɗa mini ko za ka miƙa naka tsuntsun.