Kaset ɗin da ban rubuta wa suna ba

Maigidana kaset yake sayarwa a Agege, a wani ɗan shago kusa da layin dogo. Duk sati yakan hau motar danfo zuwa kasuwar Alaba ya sayo kwalin kaset wanda ba komai a ciki, ya dawo ya yi ta ɗaukar waƙa da rikoda mai baki biyu. Ba ya karatun boko. Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci, sai rubutun suna a jikin kaset ya zama aikina. Ƙa'idarmu guda ce: mai rubutu akwai waƙa a ciki, marar rubutu sabo ne.

Kaset ɗaya ne ban taɓa rubuta wa komai ba. Na Inna ne, mahaifiyata. A lokacin haka ake wasiƙa, a yi magana a rikoda a ba direban motar shanu ya kawo Ikko. Ta aiko shi ana saura wata biyu ta rasu, tun kafin in iya riƙe biro. Ɗakinmu ruwa na shiga da damina, shi ya sa na kai shi shago na ɗora a can saman kanta. Na san wurinsa, me zan rubuta?

Sai memori ya shigo, daga baya waya. Samari suka kafa tebura a bakin titi suna tura wa mutane waƙa ɗari a lokaci ɗaya. Su ma ba su daɗe ba, kowa ya koma saukewa da kansa. Malam, maigidana, ya riƙa wuni yana kaɗe ƙura. A Alaba ma aka daina kawo kaset.

'Yata ce ta ce, "Umma, kawo kaset ɗin Inna a juye miki a waya kafin ya lalace."

Na je shago, na miƙa hannu saman kanta, ba komai.

"Malam, ina farin kaset ɗin nan?"

"Marar rubutu? Ai Allah ne ya taimake ni da shi. Dattijon nan mai gadi, mutumin Nijar, ya zo neman waƙar garinsu, ga shi ba ni da sabo, sai na ɗaukar masa a kansa. Wata uku ban ga mai saye ba sai shi."

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Na Inna ne."

Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Tare muka je bakin get ɗin da dattijon ke gadi. Da ya ji bayani ya ce, "Wayyo, baiwar Allah, da na sani." Ya sa a rediyonsa. Garaya ce da waƙa, gaba da baya. Muka tsaya a rana har waƙar ƙarshe ta ƙare, sai ƙarar kaset kawai. Can sai ga tarin Inna, sannan muryarta: "To ke, ki riƙa cin abinci."

Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Daga nan kaset ya tsaya.

Abin da 'yata ta juye mini ke nan, bai kai numfashi biyu ba. Malam ya rufe shagon kafin azumi, yanzu albasa yake sauke wa mutane a kasuwar Mile 12. Kaset ɗin yana cikin akwatina. Na rubuta masa suna.