Wasiƙar da Ba ta Iso Gida Ba

Kaka mai kitso ta tashi da maganar mahaifiyarta, cewa ubanta ya tafi soja ya manta da su. Shekara saba'in ba ta taɓa sa shi a addu'a ba.

Da tsufa ya zo, jikarta ta kai ta inda ake ajiye tsofaffin takardun soja. Ma'aikacin ya buɗe fayil ɗin ya karanta mata: zazzaɓi ne ya kashe shi, wata huɗu da tafiyarsa. Wasiƙar sanarwar tana ciki, an dawo da ita don ba a gane gidan ba.

"Iya, za ki karɓa?" in ji shi.

"Riƙe abarku, yaro. Wadda kuka rubuta wa ta mutu tana tsine masa."