Mafitai Ashirin na Malam Soumaïla

Malam Soumaïla ya shekara talatin da ɗaya yana kalmasa ƙafar wandon mutane a Saint-Denis ta ƙasar Faransa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran tarho da wata mai sayar da busasshen kifi. Keken ɗinki ɗaya, dutsen guga, kujerar baƙo, sai tebur mai gurguwar ƙafa. Daga Damagaram ya zo da sana'arsa a hannu. A can manyan riguna yake ɗinkawa, a nan kuwa zif da ya lalace da aljihun da ya ɓarke su suka ciyar da shi. Ba a taɓa jin ya yi kuka da hakan ba. Shi dai ba mai magana ba ne. In ya ce maka Talata, ran Talata za ka ɗauki kayanka, kuma a ganinsa abin da ya kamata mutum ya sani game da shi ke nan.

Mutum ɗaya yake wa ɗinki na gaske, matarsa Halimatou, wadda ke aikin girki a wata makarantar yara a Bobigny. Duk sallah, duk biki, duk suna, sai ta shigo da atamfa a hammata ta dire masa a kan tebur. Ba ya auna ta. Ya san jikinta a ka, da ƙibar da ta yi bayan haihuwa, da ramar da ta zo daga baya. Abin da ya rage na kowane yadi yakan jefa shi cikin wani tsohon buhun shinkafa a ƙarƙashin tebur, don bai saba zubar da sabon ƙyalle ba.

Ƴarsu ɗaya ce, Raliatou. Da yake ƴar fari ce bai taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ubansa bai taɓa kiran sunan yayansa ba. "Ke" yake ce mata, ko "ƴar nan". Ita kuwa a Faransa aka haife ta, tana ganin uwayen ƙawayenta na rungumarsu a ƙofar lekwal in an tashi daga karatu. Uwarta ce ke fassara mata shi. "Kin ga hannun jakarki da ya gyara tun ba ki ce komai ba? To maganarsa ke nan."

Shekara uku da suka wuce Halimatou ta rasu. Raliatou tana Lyon a lokacin, ta gama karatu a Bron ta samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Ta zo jana'iza, ta yi sati guda, aiki ya kira ta, ta ce za ta dawo ran Asabar ɗin sadakar arba'in. Ran Laraba, kafin ta dawo, matan garinsu da ke unguwar suka zo kamar yadda ake yi, suka buɗe akwatuna suka ninke komai, zannuwa da riguna da mayafai har takalma. Wani ɗan gari zai tashi zuwa Yamai ran Alhamis, yana da wuri a kayansa. Aka aika wa ƴan'uwanta a Damagaram, su ɗauki nasu, su yi sadaka da saura, ladan ya kai gare ta. Soumaïla ya ware wa ƴarsa abin da ya ga ya fi daraja: sarƙar zinariya da turmi biyu na atamfa da almakashi bai taɓa ba.

Ran Asabar Raliatou ta buɗe ma'ajiyar kayan uwarta ta tarar da ita wayam.

"Baba, ina kayan Mama?"

"Sun tafi gida. Ga naki na ajiye miki."

"Ba zinariya nake tambaya ba. Ko ɗankwali ɗaya wanda ta ɗaura, Baba. Ɗaya, mai ƙanshinta."

"Haka ake yi."

"To ni ba a tambayata? Ni ba a gidan nan nake ba?"

 Washegari ya buga waya Damagaram, aka ce masa an riga an raba. Ba ya iya cewa a bi gidajen talakawa a karɓo sadaka. Bai gaya mata ya buga ba.

Tun daga nan gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninsu. "Ina kwana, Baba. Ya aiki? To, sai an jima." Da ta auri Moustapha, wani ɗan Tahoua da suka yi karatu tare, Soumaïla ya ɗinka wa ango kaya, ya je Lyon, ya dawo a ranar. Moustaphan ne kuma ya kira shi wata Juma'a ya ce masa Raliatou na da juna biyu, ana sa rai nan da wata biyar.

Ranar ya tuna da wani bargo. Shekarun baya wata tsohuwar Bafaranshiya ta kawo masa gyaran bargon kakarta, wanda aka haɗa da ƙyallaye, kowane murabba'i da siffar mafici a buɗe. Halimatou na shagon, ta shafa shi ta ce, "Kamar mafitan kabar gida. Wata rana ka yi mana irinsa da ƙyallayen nan naka." Shi kuwa ya ce aikin wanda ba shi da aiki ne. Yanzu ya jawo buhun ya zazzage a kan tebur. Ƙyallayen kayan Halimatou na shekara ashirin da takwas suka zube a gabansa. Ya ce a ransa, in ƴar nan kayan uwarta take so, ga su nan duka.

Ya zana a kwali. Mafitai ashirin, kowanne yanka takwas, siriri a ƙasa mai faɗi a sama, sai ɗan zagaye a gindi inda hannu yake. Ya ɗauka aikin sati uku ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗinka layi miƙaƙƙe bai san abin da lanƙwasa ke yi wa yadi ba. In kowane haɗi ya kauce da kaurin zare ɗaya, kafin a kai na takwas maficin ya ƙi kwanciya, ya tashi ya zama ƙwarya. Yadin da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke. Ga ƙyallayen ba su da yawa, yankan wuya ne da yankan hammata, in ya ɓata ɗaya babu madadinsa. Dole ya koya a kan wani abu da ba shi da amfani.

A kan kekensa akwai wani tsohon zane da yake rufe shi da shi. Halimatou ta yi shekaru tana ɗaura shi a gida har launinsa ya mutu, wata rana ta kawo ta yafa a kan keken ta ce ƙura na cinye masa ƙarfe. Matan da suka kwashe kaya ba su gan shi ba, don ba a gida yake ba. Shi kansa Soumaïla kullum da safe yana ɗage shi, da yamma ya mayar, bai taɓa lissafa shi cikin sutura ba. Tsumma ne. Ya shimfiɗa shi, ya ɗora kwali, ya sa alli, ya yanka.

Nasiru, wani Bakano da ke tuƙi a ofishin jakadancin Najeriya, yakan zo ran Asabar ya zauna a kujerar baƙo. Ya ɗauki na gwajin ya juya shi.

"Badamagare, hula kake ɗinka wa tukunya?"

"Mafici ne."

"Wannan in ka yi fifita da shi miya za ka ɗebo. Shekara talatin a kan keke, ɗan lanƙwasa ya kayar da kai." Ya ajiye, ya rage murya. "Malam, ka sayi bargo a kanti, ka kira yarinyar nan ka ce mata ta yi haƙuri. Minti biyu ne."

"Ku Kanawa komai a baki."

"Ai baki ma Allah ya yi shi."

Soumaïla ya ci gaba da warware zare.

Sau goma sha ɗaya ya haɗa, sau goma sha ɗaya ya karkace. Na goma sha biyu ya kwanta. A lokacin ya gane cewa keke ba zai yi masa lanƙwasar ba, sai ya naɗe bakin yadin a kan kwali ya danne da guga, sannan ya bi da allura a hannu. Sai ya shiga ƙyallayen gaske. Da safe kafin ya buɗe shago, da ranakun Lahadi, wata huɗu. Yatsunsa kan kumbura da sanyi, ido kuma sai ya kai zare bakin allura sau biyar kafin ya shiga. Shadda ta yi tauri, leshi yana zamewa, atamfa mai ja ya san tana zuba. Ya san kowane ƙyalle. Kore mai tsuntsaye na sallar farko da suka yi a Faransa ne. Shuɗi mai ganye shi ne na ƙarshe, wanda ya rage wa ƙugu har sau biyu. Da ya kai kansa ya ajiye allura ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya dawo. Akwai layi guda na mafitai huɗu da ya warware gaba ɗaya saboda kusurwa ɗaya ta kauce, abin da ba wanda zai gani sai shi. Ya sa auduga a tsakiya, ya sa farin yadi a baya, ya bi kowane mafici da ɗinkin hannu.

Aka haifi mace. Ran suna ya ninke bargon, ya rasa leda da za ta ɗauke shi, ga jirgin metro na layi na goma sha uku mai cunkoso ba wurin shiga da farin abu ba ne. Sai ya ɗauki abin da ya rage na tsumman keken ya ƙunshe shi ya ɗaure. Haka ya riƙe shi a cinya cikin jirgin ƙasa har Lyon, da cikin taram, jirgin cikin gari, har Bron inda suke zaune.

An sa wa jaririya Halimatou, za a riƙa ce mata Ummi. Da la'asar, da baƙi suka ragu, Moustapha ya kai shi ɗakin mai jego. Suka gaisa. Ya ajiye ƙunshin a bakin gado.

"Ga wannan. Na yarinya ne."

Raliatou ta kama kwance ƙullin, sai hannunta ya tsaya. Ta ja zanen da ƙarfi, bargon ya faɗo a kan gado ya buɗe rabi, ba ta ko dube shi ba. Ta cusa fuskarta cikin tsumman. Da ta ɗago ta ware shi wajen taga, haske ya shigo ta ramukan, dogaye dogaye, jere da jere.

"Ina ka samo wannan?"

"A kan keke yake."

"Tun yaushe?"

"Tun tana da rai."

"Shekara uku yana kan kekenka, Baba."

"Tsumma ne, ƴar nan."

"Da shi ta goya ni. Har hoto akwai." Ta zura yatsa cikin rami ɗaya. "Wa ya yanka shi?"

"Ni. Gwaji na yi da shi."

"Ina yankakkun?"

"Sun karkace. Na zubar."

Moustapha ya yi saurin ware bargon gaba ɗaya. "Rali, dubi aikin da Baba ya yi. Duk da hannu ne fa, dubi."

Ta duba. Ta taɓa wani ƙyalle ruwan ƙasa ta ce na ranar da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare ne. Ta taɓa shuɗin, ta janye hannu. Ta kai gefen bargon hancinta, ƙanshin sitaci da man keke ta ji, launukan kuma sun fi yadda take tuna su haske, don ba a taɓa sa su ba, ba a taɓa wanke su ba.

"Ya yi kyau, Baba. An gode. Allah ya saka da alheri."

Da muryar da aka gode wa baƙin da suka kawo sabulu ta faɗa. Ta ninke tsumman ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Soumaïla ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Yana da abin faɗa, wata huɗu yana tara shi yanka bayan yanka. Ya dubi jaririyar, ya dubi bargon, ya buɗe baki.

"In za a wanke, da ruwan sanyi. Jan nan yana zuba."

Ya kama jirgin yamma.

Ran Litinin ya buɗe shago ya tarar da keken a buɗe, ƙura ta fara kwanciya a kansa. Ya dafa tebur zai ɗauko abin gogewa, sai ya ji teburin bai girgiza ba. Ya tuna. Na gwajin nan, ba duka ya zubar ba, ɗaya ya ninke ya tura a ƙarƙashin gurguwar ƙafar. Ya durƙusa, ya ɗaga teburin da kafaɗa, ya zaro shi. Karkataccen mafici ne, ya lotse, da baƙin tabo a tsakiya inda katako ya danne shi. Ya kai hannu ga dutsen guga, ya fasa. Bai wanke ba, bai gyara ɗinkin ba. Ya sa shi a ambulan kamar yadda yake.

Bai sa wasiƙa ba. Amma gidan waya ba sa kai saƙo ga "ƴar nan", dole ya rubuta suna a baya. Ya rubuta shi harafi harafi, da hannun da ya fi sanin alli, ya daɗe yana kallonsa kafin ya miƙa.

Bayan kwana huɗu wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar kalmasa wani baƙin wando. Saƙo ne daga Lyon: "Ya iso, Baba."

Ya karanta, ya jira ko wani zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Ya ajiye wayar a kan tebur, teburin ya girgiza, don har yau bai sa komai a ƙarƙashin ƙafar ba. Mai wandon an ce masa Talata. Ya mayar da ƙafarsa kan keke.